Waƙar Rawa da Sunanta a Rubuce: Nazari kan Fitar "Jaruma" da Isar Irinta Ƙasar Matamaye

Masu aikin yaƙi da jahilci sun saba auna yaɗuwar rubutun Hausa da yawan littattafan da aka buga, da jaridun karkara, da azuzuwan manya da aka buɗe a ƙauyuka. Wannan ma'auni yana da amfaninsa, amma a yau ya bar wata babbar ƙofa ba a ƙidaya ta ba, watau wayar hannu. Saurayin da bai taɓa riƙe littafin Hausa ba yakan karanta sunan waƙa sau da dama a yini, yakan kuma rubuta shi da yatsansa in yana nemanta. Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki waƙar rawa guda ɗaya, "Jaruma" ta Hamisu Breaker, a bi yadda aka sake ta a Kano cikin shekarar 2020, da hanyar da irinta takan bi ta iso garin bakin iyaka kamar Matamaye, sa'an nan a duba abin da wannan tafiya take yi wa kalmomi da ƙa'idojin rubutu. Hukunci kan kyawun waƙar ko muninta aikin wasu ne, ba za mu shiga cikinsa ba.

Waƙar da lokacin fitarta

Hamisu Sa'id Yusuf, wanda aka fi sani da Hamisu Breaker, mutumin unguwar Ɗorayi ne a birnin Kano, kuma yana cikin mawaƙan da ake kira na nanaye. Wannan reshe na waƙa ya taso ne tare da finafinan Hausa na bidiyo tun shekarun 1990. Ana haɗa kiɗansa a situdiyo da fiyano da kwamfuta, mutum ɗaya yana iya tsayawa a madadin makaɗa biyar, kuma na'ura takan gyara muryar mawaƙi kafin ta kai kunnen kowa. Bambancin wannan da aikin su Alhaji Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos a fili yake. Waƙar Shata tana sakewa duk ranar da ya rera ta, gwargwadon wanda yake zaune a gabansa da abin da aka ba shi, tana iya tsawaita tana iya gajarcewa. Waƙar situdiyo kuwa sau ɗaya ake yin ta, ƴan mintoci kaɗan, ta daskare a haka. Abin da ya daskare dole a laƙaba masa suna domin a rarrabe shi da dubban ƴan'uwansa, kuma dole a rubuta sunan. Daga nan ne sha'anin ya shafe mu.

"Jaruma" ta fito ita kaɗai, ba a cikin kundin waƙoƙi ba, aka kuma yi mata bidiyo wanda ƴar wasa Momee Gombe ta fito a ciki. Lokacin da ta yi tashe ya zo daidai da annobar korona. A watan Afrilu na 2020 aka sa wa Kano dokar kulle, aka hana taro. Kasuwar waƙar rawa kuwa, kamar yadda kowa ya sani, gidan biki ce: ranar kamu, da wuni, da liyafar ango da amarya, inda mai kiɗan na'ura yake saka abin da mata suka nema. Da aka rufe wannan kasuwa sai waƙar ta sami wata a cikin ɗaki. Wajen ƙaramar Sallah, a ƙarshen watan Mayu, matan aure suka shiga ɗaukar kansu a waya suna taka rawarta gaban mazajensu, suna ɗorawa a Instagram da Twitter da sauransu, har abin ya zama kamar gasa. Malamai da wasu masu faɗa a ji suka yi suka, cewa an fito da sirrin aure bainar jama'a. Sukar ma ta ƙara wa waƙar suna, domin wanda bai ji ta ba sai da ya nema ya ji abin da ake magana a kai.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, kowane ɗan gajeren bidiyo daga cikin waɗannan yana tafe da sunan waƙar a rubuce a ƙarƙashinsa, sau da yawa tare da alamar nan ta # da ake maƙala wa kalma don a tara saƙonni wuri ɗaya. Samun kalma ɗaya ta shiga idon mutane masu yawa haka cikin makonni kaɗan abu ne da ma'aikatar buga littattafai ba ta da hanyar yin sa.

Daga Kano zuwa Matamaye

Matamaye ita ce hedkwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, tana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Daura, ta ƙetare iyaka tsakanin Kwangwalam da Ɗan Barto, ta nufi birnin Damagaram. Ƙasar Kance tana da tsohuwar dangantaka da Daura, aure da ciniki da ci-rani ba su taɓa yankewa ba tsakanin ɓangarorin biyu. A zamanin kaset, waƙa tana bin wannan hanya ne a aljihun direba ko cikin kwalin ɗan kasuwa, kuma tafiyar ba ta fuska ɗaya ba ce. Waƙoƙin Sa'adu Bori na Maraɗi sun yi kudu sun shiga Kano da Kaduna, kamar yadda na Kano suke yin arewa.

To amma sa'ad da "Jaruma" ta fito iyakar a rufe take. Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗe wasu daga cikinsu ba sai Disamba na 2020, ga kuma matakan annoba a bisa wannan. Buhun shinkafa yana iya tsayawa gaban ƴan duwan a nan ko ƴan kwastan a can, waƙa kuwa ta daina bi ta gabansu. Mutum ɗaya mai kuɗin sayen data ya sauke ta daga YouTube ko wani shafi, sauran gari su karɓa daga wayarsa ta Bluetooth ko Xender, ba tare da an kashe ko dala ba. Akwai kuma masu sana'ar turi, waɗanda suke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa ko kusa da tasha, sau da yawa a rumfa ɗaya da mai cajin waya, a ba su ƴan kuɗi su cika wa mutum katin wayarsa da waƙoƙi da finafinai da wa'azi. Waɗannan su ne magadan masu kaset.

A duk wannan tafiya waƙar tana ɗauke da sunan da aka rubuta mata tun farko. Wanda ya rubuta kuwa galibi mutumin Kano ne, ko Kaduna, ko Jos, wanda ya koyi haruffa ta hanyar Ingilishi. Wanda yake karantawa a Matamaye, in ya yi lakwal, ta hanyar Faransanci ya koye su. Harshen da yake tsakaninsu ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowannensu da aron hannu yake rubuta shi.

Kalmomin sana'ar

Kafin mu shiga batun haruffa, ya kamata mu tsaya kaɗan kan kalmomin da wannan sana'a ta haifar, domin ba wani kwamiti da ya zauna ya ƙirƙiro su. Faifai asalinsa abin saƙa ne na kaba da ake rufe ƙwarya ko a yi fifita da shi. Da garmaho ya zo aka ga abin da ake ɗora masa zagayayye ne mai faɗi, sai aka ce faifai. Yau ana cewa "faifan bidiyo" ga abin da ba shi da jiki ko kaɗan, sunan ya rayu bayan mai sunan ya shuɗe. Haka nan ɗorawa da saukewa, kalmomin kaya da jaki da mota ne, aka mai da su ga aika abu intanet da karɓo shi, kuma sun zauna daram. Tura ta ɗauki ma'anar juya waƙa daga waya zuwa waya, har ta ba da sunan sana'a. Tashe ya ɗauki ma'anar abin da ake yayi a halin yanzu.

Wadda ta fi jan hankali ita ce saki. A da ana buga faifai, ana fitar da kaset. Yanzu mawaƙi yana "sakin" waƙa, kuma da alama fassara ce kai tsaye daga kalmar da Ingilishi yake amfani da ita. Duk da haka ba ta yi baƙunta ba, domin wanda ya saki tsuntsu ko ya saki akuya daga turke ya san ba shi da iko da inda za ta nufa, halin waƙa ke nan a zamanin turi. A nan aro ya dace da hankalin harshe, kuma a ganinmu mai shirya ƙamus ya shigar da ita ba tare da wata-wata ba.

Ita kanta jaruma ta yi tafiya. Jarumi a tsohuwar Hausa shi ne mai ƙarfin zuciya a fagen fama. Masana'antar finafinai ta ɗauki kalmar ta ba babban ɗan wasa, bisa koyi da yadda finafinan Indiya suke kiran nasu, har ta kai duk wanda ya fito a fim ana ce masa jarumi. Siffar mace, wadda ba a cika jin ta ba a da, ta zama ruwan dare. Mutane da yawa suna kiran waƙar "Jarumar Mata", kuma a nan ma akwai darasi: a baki, harafin -r na mallaka yakan narke cikin baƙin da yake biye da shi, a ji kamar jarumam mata, amma ƙa'ida ta ce a rubuta -r ko yaya aka furta. Sunan waƙar ya bi ƙa'ida a wannan wuri, ya kuma koya wa dubban mutane ita ba tare da sun san ana koya musu ba.

Sauti ɗaya, rubutu uku

Sa'ar "Jaruma" ita ce ba ta da harafi mai ƙugiya, ba ta da c, ba ta da sh. Abin da kawai zai iya karkatar da hannun ɗan lakwal shi ne wasalin u, wanda Faransanci yake rubutawa ou, da kuma j, wanda wasu suke sa wa d a gaba. Mai irin wannan hannu zai rubuta Jarouma ko Djarouma, kamar yadda aka rubuta Sa'adu Bori da Musa Fusi a matsayin Saadou Bori da Moussa Poussy a bangon kundinsu na "Niamey Twice" da ya fito a 1994. In ya rubuta haka a wurin nema, yana iya samun waƙar yana iya rasa ta, kuma in ya rasa sau ɗaya zai koma ya kwaikwayi rubutun Kano. Ta haka neman waƙa yake yin aikin da malamin makaranta yake yi da jan alƙalami.

Matsalar tana bayyana sosai in muka dubi wata waƙar rawa da ta biyo baya. A 2022 Ado Gwanja, shi ma mawaƙin Kano, wanda ya yi suna da waƙoƙin bikin mata, ya saki "Warr" da kuma "Chass". Ta farkon ta jawo ce-ce-ku-ce har hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Nijeriya, NBC, ta hana saka ta a watan Satumba na wannan shekara. Mu sunayen ne suka dame mu. Sautin farko na "Chass" shi ne wanda ƙa'idar Hausa take rubutawa da c, kamar a ciki da cuta da cashewa. A da Turawan da suke rubuta Hausa da boko sukan sa ch, bisa al'adar Ingilishi, aka bar wannan a shekarun 1930, shi ya sa littafin Abubakar Imam ya fito da sunan Magana Jari Ce, ba da ch ba. Ga shi bayan fiye da shekara 80 tsohon rubutun ya komo ta ƙofar waya.

A Kano wannan kuskure ne kawai, mai karatu zai furta daidai. A Matamaye kuwa ya fi kuskure, domin a Faransanci ch sautin sh ne, kamar yadda ake rubuta Sha'aibu a matsayin Chaibou a takardar haihuwa. Ɗan lakwal da ya ga "Chass" kafin ya ji waƙar zai karanta shas. In kuma shi aka ce ya rubuta abin da ya ji, tch zai sa, kamar yadda taswira take rubuta Kance a matsayin Kantché. Ke nan sauti ɗaya yana da rubutu uku, c da ch da tch, kuma na tsakiyar yana da karatu biyu gwargwadon gefen iyakar da mai karatu yake tsaye. Wanda ya fi kowanne sauƙi, harafi ɗaya tak, wanda hukumomin ƙasashen biyu suka yarda da shi, shi ne wanda ido ya fi ƙarancin gani a waya.

Sai dai bai kamata mu ɗora wa mawaƙi laifin kome ba. Ninka harafin ƙarshe da aka yi a "Warr" da "Chass" yana nuna wani abu na gaskiya wanda ƙa'ida ba ta tanadar masa wuri ba. Kalmomin nan irin na amsa-kama ne, waɗanda suke ƙarewa da baƙi kamar fat da wur da tsaf, kuma mai magana yakan ja ƙarshensu don ƙarfafawa. Bugu da ƙari, Hausa tana da ra iri biyu, ra-kaɗe da ra-gare, rubutunmu kuwa harafi ɗaya ya ba su. Wanda ya rubuta rr yana ƙoƙarin gaya wa mai karatu cewa a gara harshe, a kuma ja. Marubutan littattafan hira su ma sun daɗe suna yin haka a bakin taurarinsu. Ko dai a fito da ƙa'ida kan jan amsa-kama a rubuce, ko kuwa a yarda cewa mutane sun riga sun fitar da tasu.

Batun haruffa masu ƙugiya ya fi wannan nauyi. Kalmar waƙa da kanta, wadda take cikin sunan kusan kowane faifai, waka ake rubuta ta. A da ana cewa na'ura ce ba ta da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Yau allon rubutu na waya irin Gboard yana da su, amma ba a koma gare su ba, kuma dalilin na ciniki ne. Injin nema sau da yawa yana ɗaukar ƙ da k a matsayin haruffa biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Mai ɗora waƙa ya san masu nema k za su buga, in ya sa ƙugiya yana iya ɓata musu. Shi ma mai nema k yake bugawa domin ita ya saba gani. Kowane ɓangare yana jiran ɗayan, a tsakani kuwa yaro yana tasowa bai san rubutu yana rarrabe ƙafa da kafa, ko baƙi da baki, ko ɗaki da daki ba.

Akwai kuma abin da yake shiga ta kunne, wanda za mu ambata a taƙaice domin yana bukatar nazari na kansa. Waƙar nanaye da Hausar Kano ake yin ta. A wurare da yawa na Nijar ana cewa tahi da hita da hushi, waƙar kuwa tafi da fita da fushi take rerawa, mai rawa kuma yana bin ta yadda ya ji. Ta wannan fuska waƙa tana kusantar da kunnen matasa ga daidaitacciyar Hausa, ko da yake tana nisantar da idonsu daga ƙa'idar rubuta ta.

Abin da ya shafi masu tsara aiki

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci tun farkon shekarun 1960, ƙasar Matamaye kuma tana cikin wuraren farko da aka gwada aikin wayar da kan manoma da mata a karkara. Bayan taron Bamako na 1966 da UNESCO ta kira, littattafan manya da jaridun karkara na Nijar sun riƙa ninka dogon wasali, wanda da shi za a rubuta sunan waƙarmu jaarumaa. Taron daidaita rubutu da aka yi a Yamai a 1980 ya kusantar da ƙasashen biyu, dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tabbatar da haruffan da ake aiki da su, har ya zama babban bambancin da ya rage shi ne Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya take rubuta 'y. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan mataki yana nufin za a bukaci mutane masu yawa da za su rubuta Hausa bisa ƙa'ida a ofis da makaranta da kotu, kuma waɗanda za a ɗauka su yi wannan aiki su ne matasan da hannunsu ya riga ya saba da rubutun waya.

Saboda haka muna ganin aiki na farko mai arha ne ƙwarai: a je rumfunan masu turi a Matamaye da Magarya da Damagaram, a kwafe jerin sunayen waƙoƙin da suke cikin kwamfutocinsu kamar yadda aka rubuta su, a ƙidaya inda aka sa ch da tch da ou, da inda ƙugiya ta faɗi. Wannan zai nuna wa mai shirya littafin koyarwa kurakuran da ɗalibinsa zai shigo aji da su, maimakon a yi ta koyar da shi kamar bai taɓa ganin harafi ba. Su kansu masu turin, da yake su suke sake wa waƙoƙi suna in suna jera su, kwana biyu na horo a kan haruffa huɗu masu ƙugiya da c da sh zai iya kai wa ga ido fiye da yadda allon talla zai kai.

Na biyu ya shafi aji. Malamin nan na Burazil, Paulo Freire, ya gina hanyarsa ta koyar da manya a kan fara karatu da kalmar da take bakin mutane, a rarraba ta gaɓa-gaɓa, a gina wasu daga cikinta. Jaruma ta dace da wannan sosai, domin gaɓoɓinta uku ne, kowacce baƙi da wasali: ja, ru, ma. In aka sauya musu wasali aka sami ja, ji, ju, da ra, ri, ru, da ma, mi, mu, ɗalibi yana iya haɗa jira da jima da rami da rama da mari da jari da jimami a zama ɗaya. Za a sami maigidan da ba zai so matarsa ta je ajin da ake ambaton waƙar da malamai suka soka ba, kuma dole mai tsara aiki ya yi la'akari da shi. Amma kalmar ta girmi waƙar da ƙarnuka, malamin aji ba ya bukatar ya saka kiɗa ko ya ambaci mawaƙi. Ya rubuta ta a allo kawai, da yawa daga cikin matasan da suke zaune za su gane ta tun bai kai ga harafin ƙarshe ba.